Yadda Za Ka Horar da Magajinka a Jami'a Kafin Ka Sulale

Kai malamin jami'a da albashinka ba ya kai ka tsakiyar wata, zuciyarka kuma ta riga ka isa Najeriya, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce: za ka mayar da ɗalibinka na digiri na biyu cikakken malami, ka tafi ba mai zaginka. Dokta Kwamina ya gwada ta a Tamale ta ƙasar Gana a 1981, a kan wani Moro ɗan unguwar Moshi Zongo.

Mataki na ɗaya: Zaɓi mai kunya

Kada ka ɗauki mai wayo, zai riga ka ficewa. Nemi irin Moro, wanda ko tari ka yi sai ya rubuta. Yayansa Issah, direban babbar mota, ya samo masa aikin koyarwa a Sakkwato, har ya keɓe masa kujerar gaba. Moro yana ta juya maganar a ransa, don yana ganin yadda uwarsa Mma Adiza ke ramewa. A nan za ka shigo.

Mataki na biyu: Bi shi gida

A jami'a can kudu idanu sun yi yawa. Ka ce za ku yi hutu a Tamale kuna binciken tsutsar dawa. Garin bai da nisa da iyaka, amma wannan ba ya cikin binciken.

Mataki na uku: Cusa masa kishin ƙasa

Ka bari sai ka gama cin tuwon uwarsa tukuna. Dokta ya suɗe kwano, sannan ya tambaya wa zai koyar da 'ya'yan talakawa idan kowa ya gudu. Har hawaye ya yi, barkonon miyar ya taimaka. Kunya ta kama Moro, washegari ya je ya gaya wa Issah ya fasa.

Mma Adiza ta ce, "Dokita, yaro na ya ce kai ne uban shi yanzu. Ka riƙe shi da kyau, ka ji?"

Ka ce to. Kalmar ba ta da nauyi.

Mataki na huɗu: Kai shi layin kananzir

Ajin jami'a taron mayunwata ne masu fushi waɗanda ba su da damar tashi. Irinsa sak yana unguwar Tishigu, wurin rabon kananzir. Ɗora ɗalibinka a kan durom ya yi musu darasi.

Ranar farko ba a jin muryar Moro, wata tsohuwa ta ce in ba shi ne mai rabo ba ya sauka. Bai sauka ba. A hankali ya koyi ɗaga murya, ya koyi kallon na ƙarshen layi, ya koyi cewa bai sani ba amma zai bincika. Manoma suka fara kawo masa zangarniya ya duba, shi kuma ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba. Kada wannan ya dame ka, yunwa tana warkar da shi.

Mataki na biyar: Sulale

Alli ya yi wuya, don haka karya naka biyu, ka miƙa masa rabi da hannu biyu a gaban jama'a. Sai ka ce, "Riƙe min ajin nan, ina zuwa."

Kujerar gaba a motar Issah babu kowa, kuma ɓarna ce a bar ta ta tafi haka. Moro ya riƙe aji har kananzir ya ƙare, har layi ya watse, yana waiwayen hanya. Sai da Issah ya dawo Moro ya ji cewa Dokta ne ya zauna a kujerarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuwa gaya wa kowa ba. Da hutu ya ƙare ya koma kudu ya shiga aji.

Mataki na shida: Idan an koro ka

Yana faruwa. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, Dokta ya dawo ta Tamale da katifa a ka. Ya tarar an rufe jami'a, Moro kuma ya zama muƙaddashin shugaban sashe, don shi kaɗai ya rage. Ya tara ɗaliban da ke zaman gida a gindin mangwaro yana koya musu, da guntun allo jingine a jikin itacen. Komawar Dokta bakin aiki tana hannunsa.

Moro ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa aka kawo masa tuwon jar masara. Da Dokta ya gama, Moro ya miƙa masa rabin alli da hannu biyu.

"Malam, riƙe min ajin nan, ina zuwa."

Dokta ya tsaya gaban yaran gumi na keto masa. Can bakin titi ya ji babbar mota ta tashi, ya ɗauka Moro ne ya sulale. Yana cikin haka sai ga Moro ya dawo, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Alwala ya je yi.

Gargaɗi

Ba ruwanmu da katifarka, ko da idon Mma Adiza idan kun haɗu a hanya. Musamman ba mu ɗauki alhakin ɗalibin da ya gaskata abin da ka faɗa masa a bakin kwanon tuwo ba. Kai ka zaɓe shi.