Allurar da Na Ce Ban Ji Ba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka zo duban fata a Jalingo ba, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (wanda dama na fara). Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara su tafi. Ni kuwa ina saurayi, gashin baki ya fara tsirowa, babu abin da ke kaina sai son a ce ni namiji ne.

Mu mahauta ne. Kakana daga Katsina ya zo, Baba kuma yana da tukubar tsire a bakin kasuwa, gidanmu yana unguwar Sarkin Dawaki. Da wannan tukubar ake ci da gidan gaba ɗaya, ni da Inna da ƙannena da wata gwaggonmu makauniya. Sana'ar ce ta haɗa mu da Fulani, tunda wajensu muke sayen dabba, ta nan na san Hammadu. Sa'ana ne, dogo, siriri, ba ya son magana da yawa. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum Kaɗo, wato wanda ba Bafillace ba. Shi da abokansa sun tsaya kai da fata cewa Kaɗo ba shi da munyal, dauriyar nan tasu da ko ana yanka mutum ba zai ce wash ba.

Kuma Hammadu ba cika baki yake yi ba. In ya zo tukubarmu da yamma, sai ya sa yatsu biyu ya ɗauki garwashi ja wur, ya kunna taba a tsanake, ya mayar. Fuskarsa ko gezau. Na gwada sau ɗaya a bayan gida, ba kowa, na yi mako ina tsoma yatsa a ruwan sanyi. Wallahi ina jin haushinsa, ina kuma son in zama shi.

Sai ga mai shela ya zaga unguwa, wai likita Bature ya zo da malaman asibiti, za a duba jikin kowa saboda kuturta, maza daban mata daban, wanda ya ƙi zuwa 'yan doka za su je su taho da shi. Gari ya yi tsit. Ku na yanzu ba za ku gane ba. A lokacin ko sunan ciwon ba a son kamawa, sai a ce babban ciwo. Gidan da aka ce akwai shi, ba a neman aure a ciki, ba a cin abincinsu, ba a aron turminsu. An ce an kawo wata ƙwaya da ke warkarwa in an kama shi da wuri, amma wa ya yarda? Abin da kowa ya sani shi ne, ana kwashe mutane a kai su wani sansani can nesa da gari.

Ni ban damu ba. Ina da ɗan kyasbi fari-fari a kafaɗa, amma rabin samarin garin suna da shi, zufa ce da rashin wanka. Babu wanda ya yi mana bayanin abin da za a yi ko dalilinsa. An dai ce mu zo, muka zo.

A filin bayan disfensa aka kewaye wani wuri da zana, ba rufi, don suna son hasken rana. Layin maza ya miƙe har bakin hanya. Ƙaddara ta sa Hammadu yana bayana, abokansa uku suna bayansa. Zanar nan kuwa tsohuwa ce, duk ɓuli, wanda ke gaban layi yana kallon komai, yana jin komai. Ina shirin shiga, Hammadu ya matso kusa da kunnena.

"An ce akwai allura a ciki, Kaɗo. Kada ka kira Innarka da ƙarfi, mata suna ɗaya gefen."

Abokansa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da wannan maganar a ƙirjina na shiga.

A ciki akwai Baturen, ja, yana ta gumi a kan kujera, da malamin asibiti, wani gajere baƙi mutumin kan duwatsu, Hausarsa irin ta kasuwa.

"Cire riga naka. Wando ma."

Na ce, "Wandon ma, Malam?"

"Duka."

Zariyar wandon ta zaɓi wannan lokacin ta ƙulle. Na tsaya ina fama da ita da haƙori, ƙato da ni, Bature yana kallon agogo. Da ta kwance sai ga ni tsirara haihuwar uwata a tsakar rana, hannu biyu sun rasa inda za su rufe. Malamin ya ture hannayen. Ya fara tun daga tsakar kai, ya buɗa gashi, ya shafa girata ya ga ko tana zubewa, ya murza fatar kunnena, ya leƙa hanci. Ya ɗaga hammata. Ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, hannu da ƙafa. Ya matsa wata jijiya a bayan gwiwar hannu har na ji ta a ƙaramin yatsa. Ya ce in juya, in sunkuya (nan ba zan yi dogon bayani ba, akwai yara masu karatu). Ban taɓa sanin mutum yana da lungu da saƙo da yawa haka a jikinsa ba. Yadda yake jujjuya ni, haka Baba ke jujjuya rago kafin ya saya.

Sai ya tsaya a kan kyasbin kafaɗata. Ya kira Baturen ya duba. Suka ɗaure mini ido da wani ƙyalle.

Na ji abu mai laushi ya shafi wurin. Auduga ce.

Malamin ya ce, "Kai ji?"

A raina na ce, to, an zo wajen. Wannan ce jarrabawar da Hammadu yake faɗa, kuma ga idanunsu nan a ɓulin zana. Na gyara tsayuwa, na ce, "Ban ji ba."

Ya sake shafawa. Na ce ban ji ba. Sai na ji tsinin allura, caraf. Ta shiga, ta kuma yi zafi, har cikin haƙorina na ji ta.

"Yanzu fa?"

"Ban ji komai ba." Na ɗaga murya yadda za ta kai bayan zana.

Baturen da kansa ya taso, ya karɓi allurar, ya tambaye ni da Hausarsa mai nauyi ko na tabbata. Ni kuma, don rabon kunya ya cika, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara dannawa." Ya danna. Na ji jini yana gangarowa ta bayana, ƙwalla ta jiƙa ƙyallen, amma na yi murmushi. Na ce ko kusa.

Wuri ya yi shiru, har layin waje. Na ɗauka mamaki ne ya kama su, yau Kaɗo ya kafa tarihi. Da aka kwance mini ido sai na ga malamin yana kallona wani iri. Ya ce, "Sannu, yaro." Ya yi maganar a hankali, yadda ake yi a gidan rasuwa, amma ni na amsa da yauwa kamar wanda aka yi wa kirari. Suka ɗan kankari fatar kunnena suka shafa a gilashi, suka ce in sa kaya in fita ta ƙofar hagu, in zauna a gindin tsamiya. Kowa ta dama yake fita. Ni har da taƙama na bi hagun.

Mutum biyar ko shida na tarar a gindin tsamiyar. Na zauna kusa da wani dattijo, na yi sallama na miƙa masa hannu. Ya daɗe yana kallona kafin ya fito da nasa daga cikin riga. Babu yatsu, dungu ne kawai.

Ya ce, "Kai ma ba ka ji allurar ba ko? Haka yake farawa, ɗana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ruga wajen zanar ina cewa na ji, wallahi na ji, tun audugar na ji. Ɗan doka ya tare ni da sanda, daga nesa, don kada jikina ya taɓa nasa. Ya ce duk wanda aka kai gindin tsamiyar nan haka yake cewa. A daidai lokacin na jiyo muryar Hammadu daga cikin zana yana cewa, "Wash, na ji. Nan ma na ji." Hammadu mai garwashi. Ya fito ta dama, bai ko dubi inda nake ba, ni kuma a cikin duk halin da nake ciki har na samu sararin raina shi.

Aka ce in koma gida sai an duba gilashin, likita zai zaga ƙauyuka ya dawo. Labari ya riga ni isa. Ranar nan Baba ya dawo da tsirensa cif, ko tsinke ɗaya ba a saya ba. Washegari ma haka. Ya daina yanka. Maƙwabta suka janye 'ya'yansu daga tsakar gidanmu, wadda ta ara wa Inna turmi ta aiko a ce ta bar mata, ba sai an dawo... a'a, ita ce ta ari namu, ta ajiye shi a ƙofar gida ta tafi ba sallama. Aka ware mini akushi da moɗa, aka ɗaura musu jan zare, aka mayar da ni zaure.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta ma cika kallon fuskata ba, saboda kunya. Da ta kawo mini tuwo a akushin nan mai jan zare, sai ta ajiye, ta tsaya, ta kira sunana sau ɗaya, ta juya da sauri. Na fi son a ce allurar nan aka yi ta soka mini har magariba.

Na faɗa wa Baba gaskiya. Na ce ƙarya na yi don Fulani su gani. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Allah ya sa haka ne." Bai yarda ba, ya ɗauka tsoro ne ke sa ni magana. Wa zai yarda akwai mahalukin da zai ɗora wa kansa babban ciwo don a ce masa jarumi?

Da likitan ya dawo, Baba ya sa ni gaba har disfensa. Ba a ga komai a gilashin ba, amma suka ce wannan bai wanke ni ba, tunda bakina ne ya kai ni. Aka sake tuɓe ni, aka sake ɗaure ido. Wannan karon malamin bai tambaye ni komai ba. Wata 'yar kwalba ya cika da ruwan zafi ya manna mini a kan kyasbin ba zato. Na yi tsalle na ce, "Wayyo Inna!" Har ɓangaren mata an ji. Baturen ya yi wata magana da Turanci wadda malamin ya ƙi fassarawa, suka ba ni wani man shafawa mai warin farar wuta, suka ce in riƙa wanka.

Muka kama hanyar gida ni da Baba har muka kusa. Ya tsaya ya ce, "Ashe da gaske wawa ne kai. Alhamdu lillahi."

Amma gari bai sake mu nan da nan ba. An ji shigata, ba kowa ya ji fitata ba. Sai da Baba ya koma kai tsire garin Iware ranar kasuwa, inda ba a san mu sosai ba, yana tafiya yana dawowa da tsufansa, kusan shekara kafin tukubar Jalingo ta sake ɗaukar wuta yadda take. Ni kuwa na samu suna, Banjiba. Har yau akwai tsofaffi a unguwar Turaki da ba su san ina da wani sunan ba. Hammadu bai ƙara zuwa tukubarmu ba, aka ce sun tashi da shanu, na ce a raina kunyar ihun da ya yi ce ta kore shi.

Sai bayan Turawa sun tafi na sake ganinsa, a kasuwar shanu. Yana zaune gefe shi kaɗai, ya rufe kai da mayafi. Da ba don ya ce "Kaɗo" ba, da na wuce. Girarsa ta zube. Hannun da ke ɗaukar garwashi saura babban yatsa da rabin wani. Na tsuguna kusa da shi.

Ya ce, "Ranar nan ni ne ban ji ba. Na daɗe ba na ji, ban san ciwo ba ne, na ɗauka munyal ne. Da na ga ta ƙofar da aka fitar da kai, sai na gane amsar da suke so. Ƙyallen bai rufe gefen hanci ba, inuwar hannun malamin nake kallo a ƙasa. In ta motsa, in ce wash."

Na ce, "Da ka bari sun gani, da sun ba ka ƙwayar."

"Da sun ba ni." Ya ɗan yi dariya. "Kai ka yi ƙarya, ni na yi ƙarya. Taka ta fi arha."

Na sayo masa tsire. Ya karɓa da tafukan hannu biyu, yana ta turiri, na ce ya bari ya huce. Ya dube ni ya ce shi ai duk ɗaya ne.

Tun daga nan na sallama jarumta. Yanzu in an kai ni asibiti, tun ana buɗe allura nake fara wash, jikokina suna ɓoye fuska don kunya, ni ko a jikina. Sauro ya cije ni sai gida ya sani. In kuwa na ga yaron da ake yaba wa wai ba ya jin zafi, ba na sa baki a yabon. Kiransa nake yi gefe, in ce ya nuna mini hannunsa.