Darasin Gwaji da Kunnen Maƙeri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tabbatar cewa martabar ɗan Adam kacokan tana iya rataya a kan gaɓa ɗaya ba.

Aiki nake nema a wata makarantar koya wa manya Turanci a birnin Umdurman. Mudira, shugabar wurin, ta ce in yi darasin gwaji bayan la'asar, ta zauna a baya da bironta. Na zaɓi rarraba gaɓoɓin bayanau, kalmomin nan masu wutsiyar "ly", da inda murya ke dannawa (akwai darussa masu sauƙi, amma ina da digiri, kuma ina so a sani).

Na rubuta "unfortunately" a allo, na ce a tafa tare da ni. Na tafa sau shida, na jibga mai ƙarfin a wutsiya. Aji ya bi ni. Don in ƙara burge Mudira, na kunna ƙamusun wayata, muryar Baturiya ta faɗi kalmar sau ɗaya.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, Baba Haruna, maƙeri a Kasuwar Umdurman, wanda ya shigo ajin don jikokinsa na ƙetare ba sa jin Hausa balle Larabci.

"Ya ustaz, ka yi haƙuri. Matar nan ba inda ka buga ta buga ba."

Ya ciro mukulli ya ƙwanƙwasa tebur: ƙarami, babba, sai ƙanana uku. Biyar cif.

Mai hankali zai yi godiya ya wuce. Ni sai na shiga kunna masa kalmomi, kowace ta fi ta baya tsawo, ina fatan ya yi tuntuɓe. Bai san ma'anar ko ɗaya ba, bai kuma kuskure ko ɗaya ba. Ni kaina na manta ana gwada ni, na saki baki ina kallon mukullin nan yana sauka.

Na tambaye shi sirrin. Ya ce babu wani sirri: idan ku biyu kuna dukan ƙarfe ɗaya, ba ka ji inda gudumar abokinka ke faɗuwa ba, yatsa za ka rasa.

Shekara goma sha biyar ina karatun Turanci da ido, kunnuwana suna hutu. Yanzu sai na saurara nake tafawa.

An dai ba ni aikin. Ni kaɗai na nema.