Yadda Mushe Sharifu Ya Fassara wa Garin Marwa Rijiya

Duk ƙasar Mayahi babu mai jin Koriyanci kamar Mushe Sharifu. Shi ya faɗa da bakinshi, kuma ba a samu mai gwada shi ba. Ilimin nan kaf yana cikin talho ɗinshi, wayar hannu: ya yi magana da Faransanci, na'ura ta juya ta Koriyanci da muryar mace. Har lakwal ya buɗe a zaurenshi, makarantar koyon Koriyanci. Ranar da babu rezo, waya ba ta kamawa, sai a ba ɗalibai hutu. Samari na ce mishi Farfesan Seyul, shi ko ya ɗauka sarauta ce.

A ƙauyensu, Garin Marwa, rijiya ta ƙafe. Tsohuwa Jummai da sauran mata sai sun kora jakai wani gari neman ruwa. Sai ga labari: wata injiniya daga Koriya tana zagaya ƙauyuka, za ta zaɓi wanda ya fi matsuwa a haƙa mishi foraj, rijiyar burtsatse.

Farfesa ya iso da kwat, da karabat ɗaure a wuya.

"Kar wanda ya buɗe baki," in ji shi. "Ku ba ku san Koriyawa ba. Ba a tarbar babban baƙo da kukan babu."

Ya sa aka tattaro ruwan shan kowane gida, aka cika tuluna, aka jera a ƙofar maigari. Ragowar aka yayyafa wa fili don ya yi sanyi.

Baƙuwa ta zo, ta tambaya ta talho: yaya batun ruwa a nan?

Farfesa ya gyara karabat. "Madam, alhamdu lillahi! Garin da ya haifi irina ba ya rasa komai. Ruwa kuwa, ga shi kina gani."

Jummai ta yunƙura. "Mushe, gaya mata rijiyar…"

"Iya, protokol!"

Shi a lissafinshi, sai an sha hura an yi hoto, sannan a kawo maganar rijiya a hankali, yadda mutanen kirki ke yi. Na'ura, baiwar Allah, ba ta san kara ba. Ta juya maganar tsaf. Injiniya ta rusuna, ta ce wannan ne gari na farko da ta tarar ba ya buƙatar taimako. Ta shige mota, ko hurar ba ta jira ba.

An haƙa foraj a ƙauyen gaba.

Har yau Farfesa na shelantawa a tasha: "Ko kalma ɗaya ba ta salwanta ba a fassarar nan!"

Wallahi gaskiya ya faɗa. Jummai da jakinta shaida ne, kullum da safe.