Motar da Ta Fi Ƙarfin Ƙofarmu

Ko na manta komai, ba zan manta da auren ƙanwata Rabi ba, cikin shekarun saba'in, lokacin ina sabon direba a Madarunfa, kaina yana hayaƙi.

Baba ya saya mini tsohuwar akori-kura ina jigilar gyaɗa. Matsalarta ɗaya: gindinta a ƙasa yake, da ta ga yashi sai ta kwanta kamar jaka mai ciki. Ga shi na riga na bugi ƙirji gaban dangi cewa ni zan kai amarya garin Gabi da kayan ɗakinta. Rabi kuwa ta gama yi wa ƙawayenta fariya, ita ce ta farko a unguwarmu da za a kai a mota.

Sai na yanke shawarar ɗaga motar. Na je Ɗan Issa na sayo lam, ƙarafan nan masu lanƙwasa da mota ke zaune a kansu. Maimakon in kai ta garaji a Maraɗi (ai ni ma gani nake bakanike ne, don na taɓa riƙe wa wani makaniki kile, wato sifana), na shigar da ita cikin gida ta ƙofar amalanke, wadda azararta ke ɗauke da bangon ɗakin Baba. Ba na son kowa ya gani sai aiki ya kammala.

Na dasa jak, na tallafe ta da kututturan dabino, na yi ta cusa lam kan lam, na ƙara da guntayen ƙarfe. Da na gama sai ga mota ta miƙe kamar raƙumi. Gaskiya na ji daɗi, har zagaya ta nake ina murmushi ni kaɗai.

Ranar kai amarya aka loda gado da kwalla da tabarmi. Rabi ta zauna gaba cikin lulluɓi, ana ta guɗa. Na tayar da mota da isa, na nufi ƙofa. Sai ji na yi ƙwas! Ƙarfen tantin da ke saman motar ya daki azara, ƙasa ta zubo kan gadon amarya. Guɗa ta tsaya cak.

Na sauko na duba. Mota ta fi ƙofa da kusan taƙi guda. Na sassauta iskar tayoyi, bai isa ba. Nan dabara ta zo mini (da ma ba ta zo ba): in aka ƙara nauyi, ai za ta sauka. Na waiwaya, idona ya faɗa kan Gwaggo Hajjo, yayar Baba, wadda Allah ya yi wa jiki.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki hau baya."

Ta ce, "Ni ai ba ni tahiya, ɗan nan. Don mi?"

Bakina ya riga hankalina. "Nauyi muke bukata."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Au, buhun gyaɗa ka maishe ni? To, in hau, in gani." Ta hau, ta kira aminanta uku su ma suka hau. Mota ko gezau. Aikina ya yi kyau fiye da kima.

Baba ya fito ya dubi azara, ya dube ni. A natse ya ce, "Ɗakina dai ba a taɓa shi. Ku nemo shanu."

Haka aka kai Rabi a amalanken maƙwabci, ni ina bin su a ƙasa, ina riƙe gado kada ya zame. Ba ta yi mini faɗa ba, kuka kawai take, kuma na san ba duka na rabuwa da gida ba ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Tun daga ranar, duk abin da zan ƙara wa girma, sai na fara auna ƙofar da zai fita.