Ni Na Sa Aka Liƙe Wa Gada Baki

Yau da safe, jama'a, a kwalekwale na haye kogi, na rungume kiret-kiret ɗin ƙwai kamar mai jego, ga sabuwar gadarmu a saman kaina tana yi mana inuwa. An gicciya mata ganguna a baki, ba shiga ba fita. Dogo mai kwalekwale, wanda gadar ta kashe wa kasuwa bara, sai washe baki yake yana tuƙi, har da cewa in gaishe masa da masu girma idan na zo rubutu.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata kai ƙwai a babur, rubutun nan na huce haushi ne. Babbar mai sayen kayana ita ce Hajiya mai gidan burodi a tsallake, kuma tun kwanakin baya ta ja mini kunne: "Malam, in ka sake kawo mini fasassun ƙwai, ko ka makara, mun rabu. Masu ƙwai ba su ƙare ba." Abincin gidana a hannunta yake, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba.

Gadar kuwa, tsakani da Allah, abin kallo ce. Ko ƙafa ɗaya ba ta da ita a cikin ruwa. Dogayen ginshiƙai biyu ne a gaɓa, igiyoyin ƙarfe suka sauko daga kansu suka riƙe titin, kamar an shanya shi. Ɗiyar yayana, wadda ta karanci gini har muke ce mata Injiniya, ta ce a ƙarƙashi akwai manyan robobi masu kama da matashin kai da ke shanye girgiza, ga kuma ƙananan na'urori masu aika saƙo ofis da zarar ƙarfe ya ji jiki.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. A bakin gadar, ta kowane gefe, an bar wata tsaga mai haƙoran ƙarfe, kamar mataji biyu sun haɗa baki. Duk sanda babur ɗina ya taka ta sai ka ji garam, ƙwai biyu uku sun riga mu gidan gaskiya. Raina ya ɓaci, na zauna na zazzage cikina a wannan fili, na ce an yi sama da siminti an bar mana rami.

Shekara goma ina rubutu kan layin mai, kan fitilun titi, kan kwata, ba wanda ya taɓa ko da yi mini tari. Sai wannan karon aka dace Mai Girma Uban Yanke Ƙyalle zai kawo baƙi su ga gada, kuma Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin Share Hanya ya ci karo da rubutuna. Cikin kwana biyu aka zo da tifa, aka ɗura wa tsagar siminti, aka shafe, aka bi da fenti. Har sanarwa suka fitar cewa sun saurari koken talaka. Na yi makonni ina tafiya ƙirji a gaba, ƙwaina kuma lafiya lau.

Ranar da Injiniya ta zo gaishe mu ta ji labari, sai ta dafe kai.

"Baffa, me ka jawo mana? Ai nan ne gadar ke miƙe ƙafa!"

"Gada har ƙafa take miƙewa?"

"Idan rana ta buɗe ƙarfe yana miƙewa, in an yi sanyi ya takura. Da gangan aka bar tsagar. Kai ma a ɗinka maka wando cif-cif ka tsuguna mu gani."

Na ce, "To na'urorin da kika ce suna kai ƙara fa?"

"Suna kaiwa mana. Amma na leƙa ofishin. An lulluɓe kwamfutar da mayafi don kada ta yi datti kafin baƙi su zo, soket ɗin kuma shayi ake dafawa da shi."

Allah ya saka wa masu girma da alheri, akwai su da tattalin kaya.

Da zafi ya kankama, gada ta nemi miƙewa ta rasa wuri. Kwalta ta yi tozo a bakinta, siminti ya dinga tsagewa yana faɗawa ruwa, jiya aka rufe ta. An kuma kafa kwamitin binciko wanda ya toshe tsagar, ƙarƙashin jagorancin Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin Share Hanya. Na ji ƙishin-ƙishin wai sun fara zargin wani mai rubutu da ba da muguwar shawara.

Shi ya sa yau na tsinci kaina a kwalekwale, ina duba agogo, Dogo kuwa yana tuƙi kamar mai rakiyar surukai. Da na isa a makare, Hajiya na tsaye a ƙofa da waya a hannu. Ta dube ni, ta bi kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai fashe ba.

"Saura ƙiris in kira wani," in ji ta. "Tunda duk sun zo da ransu, na yafe. Gobe ka yi sammako."

Wallahi sai da na ji kamar in zauna a ƙasa don daɗi.

Ina dawowa gida maƙwabcina mai wanki ya tare ni. "Malam, tunda yanzu ana jin maganarka a sama, ka taimaka ka rubuta kan famfon layinmu. Sau biyu a mako yake ɗiga."

Na ce ya rufa mini asiri. Ko banza yanzu yana ɗiga.