Ranar da Na Yi wa Dattawan Mai Wurno Wanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan yayata ba, ko da na so, mutanen unguwa ba za su bar ni ba.

Kawu Isa ne ya kawo mana rediyo mai lasifiku biyu, kowacce ta kai tsayin ƙanwata. Matsalarta ɗaya, da zarar firji ya tashi sai ta kama gurnani kamar akwai ƙudan zuma a cikinta. Kawu ya ce sai an ja mata layin wuta nata na kanta daga mita. Ni kuwa na shekara ina roƙon Baba ya tura ni garin Sinnar koyon aikin kahraba, wato wutar lantarki, shi kuma yana nuna mini gonar dawa.

Na ce, "Baba, kada a kira kowa. Ni zan ja."

Ya dube ni ta saman gilashi. "In ta yi, ka tai Sinnar. In ba ta yi ba, ga hauya can."

(Duk ilimina a lokacin, na taɓa canza ƙwan fitila sau biyu. Ɗaya ya fashe.)

Na kashe wutar gidan, na bi bango, sai ga wata waya mai kauri tana tafiya ita kaɗai. Na ce ai ga layi an ajiye mini. Na ɓare ta, na jona tawa, na naɗe da tef. Da na mayar da wuta na gwada, sauti garau! Ban kula Inna tana cika tankin ruwa a lokacin ba.

Ranar suna da hantsi dattawa suka zauna cin fatur, wato karin kumallo, a inuwar tankin, jallabiyoyi farare tas. Na danna rediyo, shiru. Na zagaya ina gumi, na danna wani makunni a bayan kicin, sai madihu, waƙar yabon Annabi, ya tashi a lasifiku. Makunnin injin ruwa ne, na sani sarai, amma na ce ba komai. Na ƙure sauti yadda ba mai jin kukan injin.

Kawu ya ɗaga mini hannu. "Tamam, ya zol!" Wato aiki ya yi kyau.

Ina cikin karɓar gaisuwa tankin ya cika ya fara ambaliya. A kan liman ruwan ya fara sauka. Rawaninsa ya jiƙe ya zamo har hanci, kisira, wainarmu ta dawa, ta koma kunu a faranti, wani tsoho ya tashi da gudun da jikokinsa ba su san yana da shi ba. Madihu kuwa bai fasa ba.

Inna ta kashe makunnin, komai ya yi tsit. Baba ya matse gemunsa, ya juyo gare ni.

"Gobe ka tai Sinnar," in ji shi. "Gara su koya ma, tun ba ka haɗa muna firji da lasifikar masallaci ba."

Yanzu duk wayar da na gani, sai na bi ta har ƙarshenta kafin in taɓa. Liman kuma har yau in ya hango ni, sama yake fara dubawa.