Yadda Ake Binciken Birki a Gaban Suruki

Idan ka taka birkin motarka ka ji ƙafarka ta zarce ƙasa kamar ka taka kunu, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin azahar za ka gano mai laifi, kuma ba kai ba ne.

Na koye su ne daga Maikano, direban layin Gwaram zuwa Birnin Kudu. Matarsa Zahara'u na da cikin fari wata takwas, iyayenta suna so ta koma garinsu Kwandiko goyon ciki. Shi kuwa ya roƙa a bar masa ita da hujja ɗaya tak: yana da mota, duk sa'ar da naƙuda ta tashi zai kai ta babban asibiti. Mahaifinta Malam Hadi ya ce to, zai zo ya ga ko motar tana tsayawa.

1. Fara da musu

Birkin ya nutse? Sake takawa da sauri, sau biyar, sau shida, har ya ɗan yi tauri, sannan ka waiga da murmushi. Makanikai za su ce iska ce ta shiga layin mai. Kai ba makanike ba ne, suruki ne. Maikano cewa ya yi, "Baba, haka take, sai da lallami. Ƙirar Jamus ce."

2. Ɗora wa hanya

Hanya ba ta da baki, ba za ta ƙaryata ka ba.

3. Riƙe ƙafa a sama

Masana sun ce ka danne birki ka riƙe. In yana sulalewa a hankali, robobin masta, wato famfon birkin, sun mutu. Wannan gwaji na masu gaskiya ne. In tsoho ya matsa, tsayar da ƙafarka a rabin hanya da ƙarfin cinyarka, ka ce, "Ga shi, ya kama." Maikano ya yi minti biyu a haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, cinya na karkarwa.

4. Hana kowa leƙa ƙarƙashi

Inda mai ke yoyo, nan ciwon yake, don haka tsaya a kan jiƙar da takalminka. Sai dai ka yi addu'a kada surukinka ya zama makiyayi. Malam Hadi ya shekara arba'in yana gane ciwon saniya daga fitsarinta. Ya ce, "Matsa." Ya tsuguna gefen tayar baya, ya dangwala, ya murza, ya shinshina.

"Maikano, motar taka kumfa take yi?"

5. Kira mahassada

"Baba, akwai masu baƙin ciki a tasha." Wannan yakan ci kasuwa. Ka faɗa da ƙaramar murya, kana kallon gabas.

6. Kada ka buɗe bonet

Nan ne Maikano ya yi sake. Sati uku kafin nan man birkinsa ya tsiyaye a hanya, 'yan tasha suka ce masa ai ruwan omo ma yana yi, santsin ɗaya ne. Ya zuba, wai zuwa gobe zai sayi mai. Goben ba ta zo ba. Kullum da safe sai ya ɗebi omon Zahara'u ya dama ya ƙara, ruwa na cin robobi a ciki.

Malam Hadi ya sa aka ɗaga bonet, ya murɗe murfin 'yar tukunyar mai da hannunsa. Ƙamshin wanki ya tashi. Zahara'u na tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya a ƙugu. Sati biyu ke nan ba ta amsa gaisuwar maƙwabciyarta Kulu, don ta rantse ita ke sace mata omo.

Ta ce, "Ashe Kulu na zalunta." Sannan ta dubi mijinta. "Maigida, ni da abin da ke cikina za ka tsayar mana da mota da ruwan wanki?"

Ba ta jira amsa ba. "Baba, bari in ɗauko jakata."

7. Yanzu ka gyara

A ranar Maikano ya kai motar gareji. Aka sauya tiyon da ke yoyo da robobin masta, aka wanke layi, aka zuba mai na gaske, aka cire iska. Ba a yi awa biyu ba. Yau duk layin Gwaram babu birkin da ya kai nasa. Taɓawa ɗaya, cak. Kullum da yamma a ƙofar gida yake tsayawa cak, ya daɗe a zaune bai fito ba, don babu mai yi masa sannu da zuwa. Wallahi na tausaya masa. Ranar da naƙudar ta tashi, motar wani ɗan Zandam ce ta kai ta asibiti, shi kuwa a waya ya ji an haifa masa 'ya mace.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai taɓa riƙe sifana ba, kuma ba ya hawa motar wanda ya bi shawararsa. In ka shiga gonar wani, ko matarka ta tafi da jakarta, kada ka neme ni. In kuwa za ka je ba Kulu haƙuri, tafi da omo babban leda.